Shafukan Da Na Cire Daga Kundin Sidsel

Spring City, Utah
Litinin, 14 ga Satumba, 2015

Zuwa ga jikana Thayne,

Ina buɗe wannan takarda da gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina roƙon Ubanmu na Sama ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Corinne da 'yar ƙaramarku Ione. Allah ya tsare ku daga sanyin Alaska, ya ba ka ƙarfin aikin asibitin nan da ke cinye maka jiki, ya sauki Corinne lafiya idan watanta ya kama. Ka ce mata na hana ta ɗaga kaya mai nauyi, ko da yake na san ba ji za ta yi ba. Ni dai ina nan lafiya gwargwadon mai shekara tamanin da ɗaya. Gwiwar hagu ta ce ita ta daina sauka ɗakin ƙasa, ni kuma na ce mata ba ita ke da gidan ba, haka muke ta fama da juna. Likita ya ƙara mini ƙwaya ɗaya, ya kuma hana ni gishiri, sai ka ce gishirin ne ya haife ni a shekarar 1934.

Gida kowa lafiya. Tumatir ya yi albarka bana har ya zama fitina. Ni da ƙawata Twila mun yi kwana huɗu muna dafawa muna ɗurawa a kwalabe, ita tana aikin da baki, ni ina yi da hannu. Itacen tuffar da kakanka marigayi Orvil ya dasa a bayan ɗakin girki ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Tumakin babanka sun fara saukowa daga kan dutse, ya ce kerkeci ko ɗaya bai taɓa su ba bana sai rago biyu da suka ɓata da kansu don wauta. Mahaifiyarka Nadine kuwa ba ta da zance sai na rigar amarya. Sau uku ana rage ƙugun rigar, don ƙanwarka Lorna ta daina cin abincin kirki. Nadine ta ce zumuɗin aure ne. Ni na san ba shi ba ne, kai ma ka sani.

Na tabbata da ka ga kaurin ambulan ɗin nan ka ce to, ga tsohuwa ta aiko da wa'azi. Ka kwantar da hankalinka, ka karanta har ƙarshe. Ina wurin ranar ashirin da huɗu ga Yuli, a ƙarƙashin itatuwan gidana, ranar da muke taruwa don tunawa da kakanninmu da suka keto hamada. Na ga lokacin da ka miƙa wa babanka Verl takardun tambayoyinka talatin da ɗaya game da tarihin cocinmu da littafinmu mai tsarki. Na ji ka ce masa ba faɗa ka zo yi ba, so kake wani ya amsa maka. Na ga kuma yadda ya sha toka, bai ko buɗe ba, ya nuna maka maganar nan da ke rataye a bangon kowane gida na zuriyarmu, ya ce Kaka Sidsel ta binne 'yarta a hanya ta ce ba ta yi shakka ba ko da na yini ɗaya, kai kuwa ka karanta wani abu a waya ka zubar da gadon zuriya hawa biyar. Ka tashi ka bar farantinka a cike. Ni ina zaune ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa shi ne dalilin wannan wasiƙa. Daga baya Lorna ta gaya mini ka mayar da takardar izininka ta shiga haikali, ka ce mata ba za ka zo bikinta ba, don ba za ka ƙetaro rabin duniya ka tsaya a kan ciyawa kamar direban haya ba, dangi na ciki ana ɗaura mata aure. Saura wata ɗaya da kwana uku, Thayne. Yarinyar nan kai ka koya mata hawan keke, kuma kai kaɗai ne ɗan'uwanta.

Takardun naka Verl ya bar su a kan tebur, iska na neman kwashe su, sai na ɗauka na sa a aljihun rigar girki. Na yi mako uku ina karantawa da gilashin ƙara girman rubutu. Da farko haushinka na ji, sannan na ji haushin wanda ya rubuta maka su, daga nan na rasa wanda zan ji haushi. Ana cikin haka cocin da kanta ta fito da hoton ɗan dutsen nan a watan jiya, wanda aka ce Annabinmu Joseph ya riƙa sawa a cikin malafa, ya kifa fuskarsa a ciki yana faɗar fassarar littafin. Twila ce ta kawo mini hoton muna cikin ɓare tumatir. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Arvella, ke dai duba mini, wannan ba dankali ba ne da ya kwana a rana?" Ta yi ta dariya, ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa. Shekara talatin da shida na yi ina koyar da ajin yara ranar Lahadi, ina ɗaga musu zanen da ya nuna Joseph zaune, yatsarsa a kan allunan zinariyar da aka ce daga su ya fassaro littafin, yana bi layi-layi. Kai ma a gabana ka zauna ka kalli zanen nan, ƙafafunka ba su ma kai ƙasa ba. Ba wanda ya taɓa ce mini malafa.

Washegari na sa takalmin Lahadi na tafi wurin bishop, shugaban cocin garinmu. Ka san yanzu Rulon ne, ɗan Twila, mai kiwon talo-talo, wanda na sha share wa majina a ajin nan. Na same shi a rumfar talo-talonsa, na ce masa ya cire safar hannu don magana ce ta kawo ni. Bawan Allah ya yi ta lallashi, wai 'yar'uwa Arvella, ai ba ɓoye shi aka yi ba, an taɓa bugawa a mujallun coci shekarun baya, masana sun daɗe da sani. Na ce masa, "Rulon, in na ajiye abu a ƙasan akwati na ɗora barguna tara a kai, ban ɓoye shi ba ke nan? Ka dube ni da kyau, na girmi uwarka." Ya sosa ƙeya, sannan ya ce gaskiya shi ma sai da ya kai shekara arba'in ya ji, kuma ya yi mako biyu abinci ba ya masa daɗi. Ya ce a ganinsa mutanen da suka gabace mu sun so su ba yara labari mai santsi don kada ya maƙale musu a wuya, sai ga shi santsin ne yake kayar da su da suka girma. Wannan maganar ta fi duk lallashinsa shiga kunnena. Na tafi da ƙwai dozin ɗaya da ya tilasta mini.

To, bari in gaya maka abin da ni na gani a tambayoyinka, ba a matsayin malama ba, don ka san iyakar karatuna. Batun dutse da malafa, da na huce sai na gane ba dutsen ne ya ɓata mini rai ba, zanen ne. Wanda ya yi zanen ba ya ɗakin, ya zana abin da ya zata ne, mu kuma muka rataya. Allahn da ya sa sanda a hannun Musa, ya sa aka shafa wa makaho laka a ido, ban ga abin da zai hana shi amfani da dutse ba. Kuma ka lura da wani abu. Mutumin da ya kifa fuskarsa cikin malafa ba ya iya duba wata takarda da ya ɓoye. A haka ya yi ta faɗa ana rubutawa har littafi mai kauri ya fito cikin kamar wata uku, matarsa kuma ta shaida cewa in an tashi cin abinci aka dawo, daga inda ya tsaya yake ɗorawa ba tare da an karanta masa ba. Ni wasiƙar nan kaɗai sau huɗu na koma baya don in tuna inda nake. Ban ce wannan hujja ce da za ta rufe bakin kowa ba. Na ce dai labarin gaskiyan ya fi na zanen ban mamaki, kuma da shi aka ba ni tun farko da na karɓa.

Sai batun wahayin Joseph na farko a cikin kurmi, da ka ce ya ba da labarin ta fuska huɗu. Na sa Rulon ya bugo mini su duka huɗun na karanta. Gaskiyarka, ba ɗaya suke ba. A na farko Ubangiji kaɗai ya ambata, a na baya ya ce su biyu ne suka bayyana masa, kuma ba zan ce maka wannan ƙaramin bambanci ba ne kamar na launin riga. Amma ina karantawa ina tuna kakanka Orvil da ranar da tarakta ta kife a kansa a gonar ƙasa, ya yi awa uku a danne. Ni ya gaya mini tsoron da ya ji. A coci ya tashi ya ba da labarin addu'ar da ya yi. Ku jikoki kuwa labarin kare yake ba ku, yadda ya ruga ya kira maƙwabta, kuma kowace shekara karen ƙara wayo yake yi. Sai da aka yi shekara ashirin, muna zaune muna ɓare wake, ya ce mini, "Vella, ranar nan fa na ji muryar mahaifiyata tana ce mini in daina motsi." Mahaifiyar tasa ta riga ta rasu a lokacin. Na ce masa me ya hana ka faɗa tuntuni, ya ce ya ji kunya kada a ce buguwar ta taɓa masa kai. Taraktar dai ta faɗo masa, ni na yi jinyar haƙarƙarin. Mutum yakan ba da babban abin da ya same shi gutsure-gutsure, gwargwadon wanda ke saurare da gwargwadon ƙarfin zuciyarsa a ranar.

Maganar dawakai da ƙarafa da aka ce babu su a wannan nahiya a zamanin da littafin ke ba da labari, wannan na bar wa masu tonon ƙasa, don ni ƙashin doki da na jaki duk ɗaya ne a wurina. Wasu sun ce an samu alamu, wasu sun ce ba a samu ba, ban san wa zan bi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Shaidun nan uku da ka ce duk sun bar cocin, haka ne, sun bari, sun yi rigima da Joseph rigima ba ta wasa ba. Amma ka san mutanen ƙaramin gari. In aka ɓata, duk abin da aka sani na ɓoye sai an fallasa shi a bakin kasuwa. Su kuwa da duk fushinsu ba wanda ya janye shaidarsa cewa ya ga allunan, har wanda bai taɓa dawowa ba. Wannan yana riƙe ni. Batun matan da Joseph ya aura kuwa, wasu da ƙananan shekaru, wasu ba da sanin matarsa ta fari ba, nan ba ni da amsa, jikana. Na karanta bayanin da aka yi, na sake karantawa, zuciyata ba ta kwanta ba. Abin yana mini ciwo, kuma na gaya wa Ubangiji haka a kan gwiwata mai lafiyar. Na ci gaba da gaskatawa, amma da wannan ciwon a ciki, ban ga dalilin da zan ɓoye maka ba.

Yanzu ga abin da ya sa ambulan ya yi kauri. Ranar da na dawo daga wurin Rulon, ina ta cika ina batsewa a kan masu ɗora barguna, na shigo falo na ajiye ƙwai, sai idona ya faɗa kan firam ɗin nan na bango da na yi wa surfani da hannuna: "Ban yi shakka ba ko da na yini ɗaya." Thayne, ka ji da kyau. Kaka Sidsel ba ta taɓa rubuta wannan magana ba. Ni na rubuta ta. A shekarar 1978 aka ɗora mini aikin buga kundinta da tafireta don taron dangi. Ita da harshen Denmark ta rubuta, wata gwaggona ta juya shi da fensir, ni kuma aka ce in tsabtace shi in gurza kwafi sittin. Ina cikin bugawa na iso wurin da ta binne 'yarta Karen, sai na ga abin da ya biyo baya. Na ce wannan ba zai ƙarfafa bangaskiyar yara ba. Babanka a lokacin yana da shekara goma sha tara, yana shirin tafiya aikin mishan. Sai na zare shafuka goma sha huɗu na sa a ƙasan akwatin barguna, ka ji fa, akwatin barguna. Da na ga labarin ya yi tsalle daga kabari zuwa shekara takwas gaba, sai na ƙirƙiri jimla ɗaya na haɗa bakin. Ban zaci kowa zai kula da ita ba. Kafin shekara ta zagayo an karanta ta a coci, an yi surfaninta, an rubuta ta a katin jana'iza. Kullum ina cewa zan gyara, kullum abin yana ƙara nisa, har na wayi gari ni ma na fara gaskata ta. Da ita aka mare ka a gabana ranar nan, na yi shiru don kunya.

Ga shafukan nan na saka maka, na fensir ɗin ainihi, ka riƙe su da hankali don sun yi laushi. Za ka ga Sidsel ta ce masu mishan da suka zo ƙauyensu sun yi musu alkawarin Allah zai kai su Sihiyona, wato wannan ƙasa tamu ta alkawari, lafiya. Ta sayar da saniyarta, ta bar uwarta tana kuka a bakin jirgi, ta bi amalanken shanu wata da watanni. A bakin wani kogi a Wyoming zazzaɓi ya ɗauke Karen tana 'yar shekara uku, aka naɗe ta a mayafin tebur, aka binne ta da safe, ayari ya tashi kafin rana ta take. Sidsel ta rubuta cewa daga ranar ta rufe bakinta ga Allah. Da suka iso wannan kwarin namu ta yi shekara bakwai ba ta taka ƙofar coci ba. Ta ce ba ta san ko akwai allunan zinariya ba, ba ta kuma damu ba, ita dai ta san akwai rami a Wyoming. Da bishop na zamanin ya zo yi mata nasiha, ta ce masa ya koma ya tono mata 'yarta tukuna sannan su yi zancen alkawari. Kakar da muke taƙama da ita ke nan, kuma na rantse maka yanzu na fi ƙaunarta fiye da wadda na ƙera.

Amma shafi na goma sha ɗaya nake so ka karanta sau biyu. Akwai surukarta, wata tsohuwa Ane, mace mai ibada wadda ba ta taɓa fashin coci ba tun daga Denmark. Lahadi ɗaya, jama'a na wucewa cikin kayan ado, sai Sidsel ta ga tsohuwar nan tafe da kujerarta a hannu. Ta ajiye a bakin ƙofa kusa da ita ta zauna. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta rera waƙa ba, sai hirar kaji da ciwon baya. Lahadi mai zuwa ta sake dawowa. Da aka yi wa Ane magana cewa tana ɓata wa matasa tarbiyya, sai ta ce, "Can ɗakin cike yake, Ubangiji ba zai rasa masu rera masa waƙa ba. Nan kuwa mutum ɗaya ce, in na tashi babu kowa." Haka suka yi har tsohuwar ta kwanta ciwon ajali. Sidsel ta koma coci a shekara ta takwas, amma ta rubuta da hannunta cewa ba don ta sami amsa ba ne, ta koma ne da tambayoyinta a aljihu, kuma da su za a binne ta. Kada ka ɗauka na aiko maka wannan don in nuna maka cewa kai ma ƙarshenta za ka dawo. Ina fata, ba zan musa ba, ina kuma addu'a safe da yamma. Amma Ane ba ta san Sidsel za ta koma ba lokacin da ta ɗauko kujerar, kuma ba ta ma rayu ta gani ba.

Jiya Lahadi bayan an tashi daga coci duk suka zo cin abinci gidana. Na bari sai da aka gama, don na san Verl ba ya jin magana da yunwa. Sannan na sauko da firam ɗin na kifa shi a kan tebur na faɗa musu komai. Nadine ta dafe ƙirji. Babanka ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Mama, shekara biyu ina mishan da wannan maganar a aljihun rigata. Na faɗa wa mutane ita a ƙofar gidajensu." Na ce masa na sani, kuma ba ni da abin cewa sai ya yafe mini. Ya tashi ya fita. Ta taga ina hango shi yana gyaran shingen da ba abin da ya same shi, ranar Lahadi kuma, shi da ba ya ko wanke mota ranar Lahadi. Ya fi awa ɗaya. Da ya dawo ya zauna ya karanta kwafin shafukan da na yi masa, tun daga farko har ƙarshe, yana share hanci wai ƙurar ciyawa ce. Da ya gama bai ce na yi daidai ba, bai ce ya huce ba. Ya tambaye ni inda na ajiye tambayoyinka talatin da ɗaya, na ba shi, ya ninke ya sa a aljihu. Yana sa hula zai tafi sai ya juyo ya ce wa Nadine, "Wai Alaskan nan awa biyu suke bayanmu ko uku?" Ka san babanka, a wurinsa wannan doguwar magana ce. In wayarka ta yi ƙara cikin makon nan ka ɗauka, ko da zancen tumaki zai fara yi maka.

Bayan sun fita na tsayar da Lorna a ɗakin girki, don akwai abin da ba zan yi ba sai da yardarta. Ka san tun tana cikin zanen goyo nake roƙon Allah ya bar ni da rai in ga ranar da za ta durƙusa a haikalin Manti a ɗaura mata aure na har abada, a ginin da aka ɗaura nawa da Orvil. Na sabunta takardar izinina tun watan Mayu, na goge farar rigata na rataye. Na ce mata ina neman izini in bar kujerata ta ciki. Ta fashe da kuka, har na ce shi ke nan na sake ɓata wani abu. Sai ta share fuska ta ce, "Kaka, in dai zai sa ya zo, ki tsaya a wajen. Amma wallahi in na fito ban ga ku biyu ba sai na koma ciki na ƙi fitowa." Daga nan ta buɗe tukunya ta cinye sauran dankalin da cuku a tsaye. Nadine za ta sake buɗe ƙugun rigar nan.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka aiko da hoton Ione na kwanan nan. Lorna da angonta Kimball suna gaishe ku. Twila ta ce in gaya maka har yanzu tana kan bakanta cewa dankali ne, amma ba ta fasa zuwa coci ba. Rulon ma ya ce a gaishe ka, kuma ƙofarsa a buɗe take in kana son wanda za ku yi musu ba tare da ya yi fushi ba. Ka gaishe mini da Corinne ƙwarai, ka ce na san ba za ta iya hawa jirgi da wannan cikin ba, ba wanda ya riƙe ta da komai. Ka sumbaci Ione, ka gaya mata akwai kwalbar miyar tuffa da sunanta a jiki.

Asabar, goma sha bakwai ga Oktoba, ƙarfe goma na safe za su shiga. Ni zan kasance a kan ciyawar nan ta gefen kudu, inda ake hango kwarin gaba ɗaya, da kujeru biyu masu naɗewa da bargo ɗaya daga cikin akwatin nan. Ka zo da tambayoyinka duka, ko kuma mu yi hirar kaji da ciwon baya, duk wanda ka zaɓa. Ka san iskar tudun nan a watan Oktoba, ka san shekaruna, ka kuma san ba na fasa abin da na ce. In ba ka zo ba, haka zan zauna ni kaɗai kusa da kujerar da ba kowa har su fito. Na riga na gaya wa Verl ya ba wani gurbina na ciki, saboda haka ba ni da wani wurin zama ranar nan sai kusa da kai.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma yafe wa tsohuwar da ta yi shekara talatin da bakwai kafin ta ɗaga bargo.

Taka har kullum, ko kana ciki ko kana waje,
Kakarka,
Arvella